Manufar Gwamnati kan Gwajin Tunjere ga Mata Masu Juna Biyu: Nazari kan Garwa da Arewacin Kamaru

Tsakure

Tunjere, wadda likitoci ke kira sifilis, cuta ce ta bakteriya da ke ratsa mabiyiya ta kama ɗan tayi, ta jawo ɓari, haihuwar ɗa ba rai, bakwaini ko jariri mai ciwo. Gwajinta ba shi da tsada, maganinta kuma sananne ne tun 1943. Ƙa'idar Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru ita ce a gwada kowace mai ciki a awonta na farko. Wannan takarda ta bayyana cutar, da hujjar gwada kowa da kowa, da matakan da gwamnati ta ɗauka, sannan ta nuna wuraren da aiwatarwa ke cijewa a Garwa da sauran arewacin ƙasar. Matsayarta ita ce manufar ba ta kai ga jariri sai an haɗa gwaji da allura a rana ɗaya, a wuri ɗaya, an kuma yi wa miji magani.

1.0 Gabatarwa

A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, tunjere ce ta biyu cikin cututtuka masu yaɗuwa da ke sa a haifi ɗa ba rai, bayan zazzaɓin cizon sauro. Ƙiyasinta na 2022 ya nuna mata masu ciki kimanin miliyan 1.1 na ɗauke da cutar, kuma ciki wajen 390,000 ya ƙare da mummunan sakamako saboda ita. Kaso mafi tsoka na wannan asara a Afirka yake.

A Kamaru, binciken sa ido da kwamitin yaƙi da ƙanjamau na ƙasa ke gudanarwa a ɗakunan awo ya nuna yawan masu cikin da gwaji ya kama ya tashi daga kashi 0.6 cikin ɗari a 2009 zuwa sama da kashi 5 a 2017. Ko da an yi la'akari da cewa irin gwajin da aka yi amfani da shi na iya ɗaga adadi ko rage shi, wannan hawa ya isa ya sa hukuma ta sake duba aikinta.

Jihohi uku ne ke arewacin ƙasar: Adamawa mai hedikwata a Ngaundere, Arewa mai hedikwata a Garwa, da Arewa Mai Nisa mai hedikwata a Marwa. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa nan ne haihuwa ta fi yawa, nan ne kuma zuwa awo da haihuwa a asibiti suka fi ƙaranci. Saboda haka duk wata manufa da ta dogara kan awon ciki, a nan ne za a ga ƙarfinta da rauninta.

2.0 Cutar da Illarta ga Ciki

Bakteriyar da ke kawo tunjere sunanta Treponema pallidum. Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann ne suka gano ta a Jamus a 1905, shekara guda bayan haka August von Wassermann da abokan aikinsa suka fito da gwajin jini na farko. A 1943 John Mahoney ya nuna a Amurka cewa penisilin na warkar da ita.

Cutar na tafiya mataki-mataki. Kimanin mako uku bayan kamuwa ta hanyar saduwa, ƙurji ko gyambo marar zafi yakan fito inda ƙwayar ta shiga. A jikin mace sau da yawa yana ɓoye a ciki, ya warke da kansa cikin 'yan makonni ba ta ko san da shi ba. Daga baya ƙuraje kan feso, har a tafin hannu da na ƙafa, tare da zazzaɓi da kaluluwa, su ma su baje. Sai cutar ta kwanta shekara da shekaru ba wata alama, kafin a wasu mutane ta taɓa zuciya, jijiyoyi ko ƙwaƙwalwa. Yawancin masu cikin da gwaji ke kamawa a wannan mataki na kwanciya suke, lafiyarsu ƙalau a ido.

Ɗan tayi kuwa ba shi da wannan sa'a. In ba a yi wa uwa magani ba, rabi ko fiye da rabin irin wannan ciki kan sami matsala. Wanda ya zo da rai yana iya fitowa da ƙuraje masu ruwa a tafin hannu da ƙafa, majina mai toshe hanci, kumburin hanta da saifa, shawara da ƙarancin jini. Wani yakan ƙi motsa hannu ko ƙafa saboda ciwon ƙashi. Wani kuma a haife shi sumul, sai bayan shekaru kurumta, ciwon ido ko lalacewar haƙora su bayyana. Tunda cutar na zama a jiki, mace ɗaya na iya yin ɓari ko rasa jarirai a jere, abin da a gida ake kira wabi, ake kuma nemar masa magani ta wata hanya dabam. Ba kowane wabi ne tunjere ba, amma tana cikin dalilansa da suka fi sauƙin kawarwa.

3.0 Hujjar Gwada Kowace Mace

Gwada mutanen da ba su da alamar ciwo na buƙatar hujja, domin yana cin kuɗi kuma yana iya tayar da hankali a banza. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne na Wilson da Jungner, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1968. A taƙaice, sai cutar ta kasance mai muhimmanci, tana da lokacin ɓuya da za a iya gano ta a ciki, akwai gwaji mai sauƙi da jama'a za su yarda da shi, akwai magani tabbatacce, kuma kuɗin da za a kashe ya dace da amfanin da za a samu.

Ba kowace bakteriya ce ta cika waɗannan sharuɗɗa ba tare da gardama ba. Misali, Streptococcus rukunin B na zaune a jikin kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu ciki a duniya, yana kuma iya kashe jariri a kwanakin farko. Duk da haka ƙasashe sun rabu a kansa. Amurka na gwada kowace mace a ƙarshen ciki tun 2002, Birtaniya kuwa ta zaɓi bin alamomin haɗari kawai, bisa dalilin cewa yawancin matan da gwaji zai kama jariransu lafiya za su zo, kuma za a ɗura wa dubban mata maganin da ba su buƙata. Gwajin Streptococcus ɗin ma na buƙatar ɗakin bincike, maganin kuma ta jijiya ake ba da shi lokacin naƙuda, abin da ba zai yiwu ga wadda ta haihu a gida ba.

Tunjere ba ta da wannan ja-in-ja. Ɗigon jini ya isa a gano ta, allura ɗaya na kare ɗan tayi, kuma har yau ba a tabbatar da cewa ƙwayar ta bijire wa penisilin ba. Don haka ga ƙasa mai ƙarancin kuɗin lafiya, ita ce ta farko da ya kamata a gama da ita.

4.0 Matsayin Duniya

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da tunjeren jarirai. A 2014 ta fitar da sharuɗɗan tabbatar da nasara: aƙalla kashi 95 cikin ɗari na masu ciki su je awo, a gwada kashi 95 na masu zuwa, a yi wa kashi 95 na waɗanda aka samu da cutar magani, kuma jarirai masu cutar kada su wuce 50 cikin kowace haihuwa 100,000. Kyuba ce ta fara cika su a 2015, Tailan ta biyo baya a 2016. Daga bisani aka haɗa tunjere da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B a shiri guda na hana uwa shafa wa jariri.

Ƙa'idar hukumar ta 2017 ta ce a gwada kowace mace a awon farko. Wadda cutarta ba ta kai shekara biyu ba, a yi mata allurar benzatin penisilin yunit miliyan 2.4 a tsoka sau ɗaya. Wadda cutarta ta daɗe, ko ba a san tsawonta ba, a yi mata sau uku, mako-mako. Kafin a ce jariri ya sami kariya, sai an yi allurar aƙalla kwana 30 kafin haihuwa, kuma gwargwadon yadda aka yi ta da wuri, gwargwadon amfaninta. Doksisaikilin bai dace da mai ciki ba. Eritromaisin da azitromaisin kuwa ba sa ratsa mabiyiya sosai, don haka ko sun taimaki uwa, jariri na nan cikin haɗari.

5.0 Matakan Gwamnatin Kamaru

5.1 Gwajin cikin tsarin awo

Awon ciki, wanda ma'aikata ke taƙaitawa da CPN, ana yin sa ne a ƙananan cibiyoyin lafiya na CSI, da na CMA, da asibitocin gunduma, har zuwa manyan asibitoci irin asibitin jiha na Garwa. Gwajin tunjere ya daɗe cikin jerin gwaje-gwajen da ake rubuta wa mai ciki, galibi da sunan TPHA da VDRL. Na farko na nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, na biyu na nuna ko cutar na aiki. Matsalar ita ce dukansu na buƙatar ɗakin gwaji, injin juya jini, firiji da ma'aikaci mai horo, kuma bisa al'ada majinyaciya ce ke biya.

5.2 Rage nauyin kuɗi

A 2015 gwamnati, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa da bankin KfW na Jamus, ta fara shirin Chèque Santé a jihohin arewa uku. Mace na biyan sefa 6,000 sau ɗaya, ta sami awo huɗu, hoton ciki, haihuwa har da tiyata in ta kama, da kulawa ga uwa da jariri zuwa kwana 42. Daga 1 ga Janairu 2020 aka soke kuɗin gwajin ƙanjamau da kulawar masu ɗauke da shi a cibiyoyin gwamnati. A Afrilun 2023 ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da zangon farko na inshorar lafiya ta kowa da kowa a Mandjou kusa da Bertoua, aka kuma shigar da Chèque Santé cikinsa.

5.3 Gwaji biyu a tsinke ɗaya

Shekaru da dama gwajin ƙanjamau ya yi wa na tunjere fintinkau a ɗakunan awo na Afirka, domin na farko na da masu ba da tallafi da rajista da masu sa ido, na biyu kuwa ba shi da mai riƙe da shi. Don cike wannan giɓi, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da tsinke ɗaya mai gwada cututtukan biyu a matsayin gwajin farko na awo. A 2021 wata yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin CHAI da MedAccess da kamfanin SD Biosensor ta sauko da farashinsa ƙasa da dala ɗaya. Tun 2022 ƙungiyar Evidence Action ke aiki da gwamnatin Kamaru kan shigar da shi cikin awo.

Yadda ake yin sa ba wuya. Ungozoma ta goge yatsa, ta huda, ta ɗiga jini a ramin tsinken, ta ƙara ruwan gwaji, ta jira minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya na shaida cewa tsinken ya yi aiki, sauran biyun kowanne na cutarsa. In layin tunjere ya fito, sai ta dama garin penisilin da ruwan allura, ta yi shi a ɗuwawu, ta zaunar da matar kamar rabin awa don ganin ko jikinta zai ƙi maganin. Ba a buƙatar lantarki ko madubin bincike. Rauninsa ɗaya: layin na fitowa ga wadda ta taɓa yin cutar ta warke. Amma allurar da ba a buƙata ba ƙaramar asara ce in aka gwada ta da rasa jariri, shi ya sa ƙa'ida ta yarda a yi allurar farko bisa wannan sakamako inda babu gwaji na biyu.

6.0 Inda Aiwatarwa ke Cijewa a Arewa

6.1 Jinkirin zuwa awo

Binciken 2018 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na matan Kamaru sun je awo aƙalla sau ɗaya, kashi 65 sun je sau huɗu ko fiye, amma waɗanda suka fara cikin wata uku na farko ba su kai rabi ba. Alkaluman arewa sun gaza na ƙasa baki ɗaya. Dalilan sanannu ne. Ana ɓoye ƙaramin ciki saboda kunya da tsoron baki, musamman cikin fari. Fita na buƙatar izinin miji da kuɗin mashin. Mai goyon ciki kan koma gidan iyayenta, wani lokaci a wata gunduma ko a tsallaken iyaka wajen Yola ko Mubi, katin awonta ya tsaya inda ta baro. Da damina hanyoyin Poli, Tcholliré da Touboro kan yi wuyar bi, aikin gona kuma na cinye yini. A Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari rikicin Boko Haram ya sa an rufe cibiyoyi an kuma raba mutane da garuruwansu. Ga tunjere, jinkiri na da tsada, domin wadda ta zo a wata na bakwai ta riga ta wuce lokacin da allura ta fi amfani.

6.2 Gwajin da ba a kammala ba

A tsohon tsari, ana ba mace takarda ta kai ɗakin gwaji, ta biya, ta dawo wata rana karɓar sakamako, a sake rubuta mata magani ta je kantin magani ta saya, ta komo a yi mata. A cikin Garwa, ga matar Yelwa ko Poumpoumré, wannan zirga-zirga ce mai yiwuwa. Ga matar ƙauyen da ke bayan Lagdo ko Bibémi, kowace dawowa yini guda ne da kuɗin mota, kuma a kowane mataki ana rasa wasu. In kuɗi bai isa duk gwaje-gwajen ba, sai a zaɓi na kyauta a bar sauran. Tsinken haɗe ya warware wannan, muddin bai yanke ba.

6.3 Ƙarancin allura da tsoronta

Benzatin penisilin tsohon magani ne mai arha, kamfanoni ƙalilan ne ke yin sinadarinsa. Wani bincike na 2014 zuwa 2016 ya sami ƙarancinsa a ƙasashe 39 cikin 95. A Kamaru magani na bi ta rumbun ƙasa na CENAME zuwa asusun lafiya na jiha, sannan gunduma, sannan cibiya, kuma Garwa na da nisan fiye da kilomita dubu daga Yawunde ta hanya. Ban da yankewa, akwai tsoron ma'aikata. Allurar na da kauri da zafi, kuma labarin wanda ya suma bayan an yi masa penisilin ba ya mantuwa, sai wasu su gwammace rubuta ƙwaya. Mummunan ƙin jiki abu ne mai wuyar faruwa, kuma adirenalin na magance shi in yana kusa. Zazzaɓin da kan taso cikin awa 24 bayan allura kuwa martani ne ga mutuwar ƙwayoyin, ya kamata a gargaɗi matar tun kafin ta tafi.

6.4 Miji da kishiyoyi

Warkewa ba ta hana sake kamuwa. In ba a yi wa miji magani ba, matar na iya sake ɗauka kafin ta haihu, a gidan da ke da kishiyoyi kuma cutar ta ci gaba da zagayawa. Faɗa wa miji na da haɗari ga mace, domin zargi da saki na iya biyo baya, alhali gwajin ba ya nuna wanda ya fara kamuwa ko lokacin da aka kamu. Akwai ma cututtukan fata na dangin wannan ƙwaya da ake ɗauka tun yarinta ba ta hanyar saduwa ba, a yankin Sahel da dazukan gabashin Kamaru, waɗanda gwajin jini ba ya bambanta su da tunjere. Ma'aikacin da ya san haka zai iya magana da ma'aurata ba tare da ya ɗora wa kowa laifi ba.

6.5 Rajista

Abin da ba a rubuta ba, ba a neman sa. In rajistar awo da rahoton wata-wata ba su nuna yawan waɗanda aka gwada, waɗanda aka samu, da waɗanda aka yi wa allura ba, shugaban gunduma ba zai san inda ake yoyo ba. Jariran da aka haifa ba rai a gida kuwa ana binne su ba tare da sun shiga kowane lissafi ba.

7.0 Shawarwari

Na farko, a mayar da tsinken haɗe gwajin farko a kowace cibiyar da ke awo, har da na mishan da masu zaman kansu, kyauta ga mai ciki.

Na biyu, a riƙa aika tsinke da benzatin penisilin da ruwan allura da adirenalin tare, a kuma kai wa gundumomi masu nisa kasonsu kafin saukar damina.

Na uku, a horar da ungozomomi da nas-nas kan yin allurar a ranar gwaji, a kuma ba su ikon yin ta ba sai an jira likita ba.

Na huɗu, maganin miji da kishiyoyi ya zama kyauta, a gayyace su da takarda mai cewa ana son ganinsu kan lafiyar jariri, bayan an nemi yardar matar.

Na biyar, a gwada duk wadda ta zo haihuwa ba ta taɓa yin gwajin ba, da duk wadda ta haifi ɗa ba rai.

Na shida, a jawo lamidai, limamai, fastoci, ungozomomin gargajiya da gidajen rediyo masu shirye-shiryen Fulatanci da Hausa cikin kiran fara awo kafin wata na huɗu.

Na bakwai, reshen Centre Pasteur na Garwa da tsangayar likitanci ta Jami'ar Garwa su ɗauki nauyin duba ingancin gwaji da fitar da alkaluman gunduma-gunduma.

Na takwas, gwamnati ta ware wa tsinke da allura kuɗi a kasafinta. Dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 ya nuna haɗarin jingina shirin lafiya kacokan kan kuɗin waje.

8.0 Kammalawa

Kamaru na da ƙa'idar gwada kowace mai ciki, tana da shirin rage kuɗin awo da ya fara daga arewa, ta kuma karɓi gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar ɗakin bincike. Abin da ya rage aikin tsari ne: mace ta zo da wuri, ta tarar da tsinke, a yi mata allura kafin ta bar cibiyar, a yi wa mijinta, a rubuta. Ya kamata a riƙa auna kowace gunduma a jihohin uku da yawan matan da aka samu da cutar kuma aka yi musu allura a ranar, domin wannan adadi ne ke nuna jariran da aka ceta. Nauyin cimma shi yana kan Ma'aikatar Lafiya da wakilanta na jiha a Garwa, Marwa da Ngaundere.